Katantanwar Dakalin Alhaji Sabo

Ku matso nan inuwa, tunda yau babu wanda ya zo ɗaukar ma'aikata kun cika mini bakin rumfa da surutu. Ɗazu ina ji wani a cikinku yana cewa aikin Baba Haladu ai liƙa dutse ne kawai, a kwaɓa siminti a manna a tafi gida. Ban ɗaga kai na ga mai maganar ba, amma na gane muryar, kuma na ci tuwon sunansa. Ku 'yan tayil ba laifinku ba ne. Kayanku daga kwali yake fitowa, kowanne kamar ɗan'uwansa, in ya fashe ku zaro wani. Ni kuwa tun ina saurayi nake tsaga dutse a nan Ƙofar Ruwa, har gemu ya yi fari, ban taɓa ganin falle biyu masu fuska ɗaya ba.

Kayan aikina ga su nan a jaka, ba su ma cika ta ba. Guduma babba da ƙarama. Kurfi mai faɗin baki na tsaga, da wannan siririn da wani maƙeri ya buga mini daga ƙarfen sifirin mota, ya girmi wasunku. Sai basilla, da tsohon buroshin goge baki, da buta. Kuna dariyar buroshin, to ku dakata, za ku ji aikinsa. Injin yanka irin naku ni ma ina da shi, yana can ƙarƙashin benci ya yi ƙura. Aibinsa ɗaya ne, inda ka nuna masa nan yake bi, ba ruwansa da inda dutsen yake so ya buɗe.

A hannun Baba Inuwa na koya, Allah ya jiƙansa. Gajere ne, ba ya son magana, in kuwa ya yi maka ita sai ka gwammace ya mare ka. Na daɗe ina ɗaukar masa kwanon sarki kafin ya bar ni in taɓa guduma. Abin da ya fara koya mini sauraro ne. Sai ya jingine falle a gwiwarsa, ya ƙwanƙwasa, ya zuba mini ido. Dutse mai lafiya ƙararsa tas take fita kamar ta tasa, mai tsaga a ciki kuwa muryarsa a dishe take. Bayan kunne sai ido. Irin dutsenmu hawa-hawa yake kwance, a gefensa akwai wani siririn layi da muke kira jijiya. In ka samo jijiya ka sa kurfi, ka bi ta da ƙananan bugu kana zagayawa, da kansa zai buɗe maka. In ka nuna masa ƙarfi ya tarwatse, ka yi asarar dutse, ka kuma sha zagi.

Aikin da na fara tsaga da hannuna a gidan wani ɗan kasuwa ne, daf da Ƙofar Ɗan Agundi. Za a yi wa fuskar gidan ado da dutse daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, yadda ake yayi a lokacin. Mota ta sauke mana kaya daga ƙasar Gombe, farin dutse mai ratsin toka, irin wanda ake yin siminti da shi. Da hantsi na ja wani mai kauri gefe, na nemo jijiyarsa, na yi ta bi. Can sai na ji muryarsa ta sauya, ya saki. Na ɗaga rabin sama, na tsaya riƙe da shi, na manta da nauyinsa.

Katantanwa ce cunkus a ciki, babu wurin sa yatsa. Wasu a naɗe kamar ƙahon rago, wasu masu faɗi da layi-layi a bayansu, wasu 'yan zagaye da tauraro a tsakiya. Duk sun zama dutse, amma kowacce da zanenta, ko ɗaya bai goge ba. Ga wani ƙamshin danshi da ya taso, irin na bakin rijiya. Abin da ya zo mini a rai shi ne, tun da Allah ya rufe wurin nan babu idon da ya gan shi sai nawa, ni Haladu lebura, da siminti a ƙafa.

Na kira Baba Inuwa. Ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, ya ce Allah mai iko. Sai ya miƙa hannu ya ɗebo kwaɓi da cokalin gini, ya shafe fuskar nan kaf, ya manna ta a bango, ya bar wa titi bayan dutsen. Na ji kamar ni ya shafe wa ido. Da muka zauna cin abinci ya yi mini bayani, a gajarce kamar kullum. Masu gida ba sa so. Wani ya ce surar abu mai rai ce, mala'iku ba za su shiga masa gida ba. Wani ya ce rubutun aljanu ne. Wani kuma ba ruwansa da duk wannan, cewa zai yi an kawo masa dutse mai ƙyanda, a cire. Saboda haka ƙa'idar masu aikin dutse ita ce, mai zane bango yake kallo.

Haka na yi ta yi shekara da shekaru, da hannuna. Yau in na ratsa lungunan cikin gari, daga Ɗan Agundi har Shahuci, na san kowane bango da ke ɗauke da su. Mutane suna jingina suna shan rake, suna ɗaure akuya, suna cinikin waya, ba su san abin da ke bayan kafaɗarsu ba. Nikan dafa bangon in wuce. Wani lokaci maigidan ya ɗauka duba aikina na zo yi, har ya ce a kawo mini ruwa. Akwai wata Hajiya da falle ɗaya ya ɓanɓaro daga katangarta bayan shekaru, ya faɗo rigingine. Kafin a kira ni an riga an kira mai ruƙiyya, an turare gidan, an hana yara bi ta wurin. Na maye mata da wani mai sumul, na ce bari in tafi da wannan kada ya dame su. Har tukuici ta ba ni don na raba ta da shi.

Da na fara cin gashin kaina sai na shiga ware masu kyau. In na tsaga na ga wanda ya cika, in jingine shi gefe, in maye gurbinsa da wani daga nawa, da yamma in ɗaure shi a bayan keke. Akwai wani ɗakin ƙasa a ƙuryar gidanmu da ake ajiye harawa, nan na mayar ma'ajiya. Mai ɗakina, Ladi, ta ce mazan mutane suna shigo da buhun gero, ni ina shigo da abin da ko akuya ba ta lasa. Amma fa ita ce take hana yara hawa kansu.

Gyaran falle ɗaya yakan ci mini damina guda. Da basilla ake cire ƙasar da ta cushe tsakanin layuka, kaɗan-kaɗan, kana hurewa, sannan ka bi da buroshi. Kada wanda ya kuskura ya kawo asid ɗin nan da kuke wanke tayil da shi, irin wannan dutse kumfa zai yi ya narke a gabanka. Ruwa zalla. Kuma a ruwan daɗin kallon yake. A bushe dutsen fari fat ne, sai ka ƙura ido kafin ka rarrabe. Amma ka tsiyaya masa daga buta, ka bar ruwan ya gangara, sai ka ga suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, na sama tukuna sannan na ƙasa, launinsu ya koma na zuma, ka ce yanzu za su motsa. Kallon ma da iliminsa. Baƙo babbar yake nema, ya ce kai, ya wuce. Wanda ya saba kuwa kwanciyarsu yake dubawa. In duk sun fuskanci gefe ɗaya, ruwa ne mai gudu ya jera su. In a cakuɗe suke, manya da ƙanana, wasu a kife wasu a buɗe, to a gidansu abin ya same su.

Bayan la'asar nakan zauna a ƙofar ɗakin nan, rana tana shigowa a karkace, in jiƙa ɗaya in yi ta kallo har ya bushe, in sake jiƙawa. Ni ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar ruwa ta Tiga, shi ma daga kan mota. Amma wani malamin jami'a da ya zo sayen dutsen da zai zagaye lambun gidansa ya gaya mini wai can ƙasar Gombe da ta Sakkwato teku ce ta taɓa kwanciya a kai, tun babu ɗan Adam, waɗannan kuma mazauna cikinta ne. Tun daga ranar in na zauna sai in ga ruwan yana tasowa a hankali, ba irin na ambaliya mai ɓarna ba, mai sanyi, kore-kore. Ya shafe tsakar gida, ya haye katanga, ya rufe rumfunan kasuwar Kurmi, har Dala ta nutse ba a ganin kanta. Babu hon ɗin adaidaita, babu mai talla, babu mai kiran wani. Sai masu ƙahon ragon nan suna shawagi a saman soraye, ba sa sauri, ba inda za su. Ina can sai in ji Ladi tana cewa in ɗauke ƙafa za ta yi shara.

Lokacin da Baba Inuwa ya kwanta ciwon ajali na je duba shi. Ba ya iya taɓa ruwa, an ajiye masa dutsen taimama a gefen shimfiɗa. Ina dubawa sai na ga ɗan falle ne mai katantanwa, fuskarsa a sama, ta yi sheƙi saboda shafar hannu. Ya ga na gani. Ya harare ni irin hararar da, ya ce in gaishe shi na zo yi in gaishe shi in tashi.

Wanda ya fi duka a wurina ba saya na yi ba. Direban da ke kawo mana kaya ne ya shimfiɗa shi a ƙasan mota don ya tare sauran, da aka gama saukewa ya ce in ina so in ɗauka, nauyi yake masa. Tsawonsa ya kai ƙyauren ɗaki, kaurinsa ya fi taƙi. A gefe na hango bakin wata katantanwa ya ɗan leƙo, na san akwai magana a ciki. Ban yi gaggawa ba. Kullum da safe in tsiyaya ruwa a jijiyar, in ba ta 'yan bugu, in tafi aiki. Ranar da ya buɗe ban kira kowa ba. A tsakiya ga wata babba, faɗinta ya kai faifai, ta naɗe tsaf, kowane haƙarƙari nata a fili. Kewaye da ita ƙanana ne irinta, ba sa ƙirguwa, daga mai girman kwabo har mai girman ƙwayar wake. Da Ladi ta leƙo ta ce wannan ai uwa ce da 'ya'yanta. Sunan ya bi ta, Uwa. Tun ranar na ƙudura abu ɗaya a raina: kafin in ajiye guduma sai na kafa wannan dutse a wani wuri cikin garin nan, fuskarsa a waje, kowa ya gani.

Sai shekarar da komai ya haɗe mana. Tayil ya cika kasuwa, ga arha ga ƙyalli, masu gida suka juya mana baya, wasu har fasa aikinmu suke a liƙa shi. Abokan aikina wani ya koma tura kura, wani ya koma ƙauye. Ni na koma fasa tsakuwa ana aunawa a kwano. A daminar nan kuma aka yi ruwan da ya kwana ya wuni bai ɗauke ba, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a cikin gari. Ɗakin harawa ya bi sahu. Azara da ƙasar rufi suka sauko a kan abin da na tara tun ina saurayi. Alhamdu lillahi babu kowa a ciki. Da muka tono yawanci sun zama gutsattsari, na loda su a kura aka kai cikon harsashin wani gini. Uwa ce kaɗai ta fita lafiya, don a kwance take ƙarƙashin wani tsohon ƙyaure. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na daɗe ban ɗauki buta don dutse ba.

Ana nan sai ga Alhaji Sabo mai goro daga Shahuci. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, ya bar wa 'ya'yansa kasuwa, aikinsa zama a ƙofar gida. 'Ya'yan sun liƙa masa tayil a dakali, shi kuwa ya ce da rana ƙuna, da damina santsi, tun da ya zame ya ga abin ya ishe shi. Dutse yake so, falle guda, mai sanyi. Na kai shi gidana, na sa aka jawo Uwa tsakar gida, na tsiyaya mata ruwa. Ya dogara sandarsa yana kallo har ruwan ya fara bushewa, sannan ya ce in ƙara. Na gaya masa ba sayarwa zan yi ba, kyauta ce, amma da sharaɗi, fuskar nan sama za ta kalla.

"Haladu," in ji shi, "ni fa goro na sayar duk rayuwata. Wa ya taɓa buɗe huhun goro ya kife mai kyau a ƙasa?"

Na ɓanɓare tayil ɗin, na yi wa dakalin gado da kwaɓi mai laushi, yashi ya fi siminti yawa, don irin wannan dutse ba ya son a matse shi. Na ɗan karkata shi wajen titi yadda ruwa ba zai kwanta ba. Majiya ƙarfi suka kama muka sauke shi a hankali, ina ta yi musu faɗa kamar mara lafiya ake saukewa. Kafin kwaɓin ya sha iska magana ta zagaye unguwa. 'Yan majalisar Alhaji suka rabu biyu. Wasu suka ce su ba za su zauna a kan sura ba, kuma bai dace a ajiye ta a hanyar masallaci ba. Har wani ya ce a kawo diga a farfasa dutsen. Ni dai ina tsugune ina shafe gefe.

Bayan azahar aka taho da limamin unguwa, tsoho mai sanyin murya. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya bi naɗin Uwa da yatsa tun daga baki har cibiya. Ya tambaya wa ya zana. Na ce babu, Allah ya gafarta Malam, haka na tsaga na tarar.

"To in babu hannun mutum, wa za mu tuhuma?"

Ya ce halittar Allah ce, kamar ƙashi ko ƙaho, wataƙila ma ragowar ruwan Ɗufana ce ta zamanin Annabi Nuhu, Allah ne masani. A bar ta, mai wucewa ya gani ya yi tunani. Wanda ya nemi digar nan shi ya fara zama a kai.

A waccan shekarar na ji daɗin duniya. Ko ba ni da aiki a Shahuci sai na ƙirƙiro dalilin bi ta nan. In tarar 'yan makaranta sun ɗora takarda suna gogawa da fensir zanen yana fitowa, 'yan mata suna ɗauka a waya, dattawa suna gardamar ko ana cin irinsu a da. Alhaji kuwa ya ware buta ta musamman, duk baƙon da ya zo sai ya tsiyaya masa ya gani, yana bayani kai ka ce shi ya tsago. Nikan tsaya can tsallaken lungu in yi ta kallon masu kallo.

Wata rana Alhaji ya aiko a kira ni. Na tarar gefen dutsen ya yi ramuka ƙanana, farare, kamar kaji sun tsattsage. Ashe maganar Malam ce ta shiga gidaje ta fito da wata riga. Mata suka ce dutsen da ya riƙe uwa da 'ya'yanta tun zamanin Annabi Nuhu, ko ɗaya bai ɓace mata ba, ai zai riƙe ciki. Mai yawan ɓari, da wadda 'ya'yanta ba sa zama, sai a kankaro mata ɗaya daga cikin ƙananan, a daka, a zuba mata a kunu. Da reza suke zuwa, da ƙusa, da cokalin shayi, lokacin da maza suka tafi kasuwa ko masallaci. Daga unguwa labarin ya kai har ƙauyuka.

Liman ya tashi bayan salla ya ce shi bai faɗi haka ba, dutse dutse ne, mai ciki ta je awo. Aka ce to. Alhaji ya shimfiɗa tabarma a kai, aka riƙa ɗagawa. Na ce ya riƙa korarsu mana, ya ce mace ta durƙusa ta gaishe ka idonta jawur, da wane baki za ka kore ta? Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Ina zagin reza, ina zagin cokali, sai in tuna tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Duk zuwan da zan yi sai na tarar 'ya'yan Uwa sun ragu. A kwana a tashi suka ƙare ƙaƙaf, saura Uwa ita kaɗai a tsakiyar ramuka, ita ma an fara cin bakinta. Alhaji da kansa ya ce in zo in ɗauke abina tun da sauran abin ɗauka.

Na yi magana da mai kura ya same ni can, na riga shi zuwa da hantsi don in saki kwaɓin gefe. Lungun shiru, Alhaji yana ciki. Sai na tarar da wata tsohuwa, sa'ata ko ta ɗan girme ni, ta naɗe tabarmar ta durƙusa, ta shimfiɗa ƙyalle, tana ta fama da cokalin shayi a bakin Uwa. Cokalin har ya lanƙwashe. Silifas ɗinta ya yi buɗu-buɗu, da gani ta sha tafiya. Da faɗa a bakina na taho. Kafin in buɗe shi ta ɗago ta gaishe ni, idonta ya sauka a kan jakata.

"Malam, na ga kana da ƙarfe. Don Allah taimaka mini, hannuna ba ƙarfi."

Ba ta san ko ni wane ne ba. Ta ce daga wani ƙauye take, can wajen Gezawa. 'Yarta ce, auta, ciki ya sha zube mata, yanzu ga wani ya kai watannin da yakan tafi. Suna zuwa awo, tana shan ƙwayoyin da aka ba ta, amma yarinyar ta daina barci, ta daina cin abinci, kullum hannunta a mara. Wata maƙwabciya ce ta ba su labarin dutsen Shahuci, shi ne ta yi sammako. Ta zo ta tarar ƙananan sun ƙare.

Na gaya mata gaskiya. Na ce Iya, ni na tsago dutsen nan, na san shi ciki da bai, farar ƙasa ce kawai ta daskare, ba ya riƙe komai.

"Na sani, Malam, Allah ne mai riƙewa," ta ce. "Amma tana can bakin ƙofa tana jirana. In koma in ce mata me?"

Na zauna a bakin dakalin, na buɗe jaka, na ɗauko siririn kurfin da ƙaramar guduma. Na tsiyaya wa Uwa ruwa, launinta ya fito, na kalle ta har na ƙoshi. Sannan na ja layi kewaye da ita, na bar mata tazarar yatsa biyu, na shiga bi da ƙananan bugu, ina zagayawa ina saurare. Da na yi zurfi na kwantar da kurfin na nemi jijiyar da ke ƙarƙashinta. Ku masu cewa liƙa dutse ne kawai, wannan shi ne aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, kuma babu wanda ya gani sai tsohuwa ɗaya da hankalinta yake wani wuri. Dutsen ya saki, Uwa ta taso ɗungurungum, ko haƙarƙari ɗaya bai karye ba.

Na naɗe ta a ƙyallen, na ɗora mata a hannu biyu. Na ce a ajiye wa yarinyar a gefen shimfiɗarta ta riƙa ɗora hannu a kai, kada a daka, kuma kada a fasa zuwa awo. Ta ce to, ta yi ta sa mini albarka har da iyayena. Ni da ita duk mun san turmi za ta shiga. Ta ɗora a ka, ta bi lungu, ina kallo har ta sha kwana.

Mai kura ya iso yana tambayar ina kayan, na ce masa babu kaya, ya yi haƙuri. Na kwaɓa siminti kaɗan na cike ramin, na shafe shi sumul, don kada Alhaji ya zauna rigarsa ta maƙale. Ban tambayi sunan tsohuwar ba, ban tambayi sunan ƙauyen ba, babu kuma wanda ya dawo ya gaya mini ko cikin ya tsaya. Har yau in na ga tsohuwa a cikin gari da goyon jika, sai na leƙa fuskarta.